Daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ɗanbare: Yadda ɗalibi zai zaɓi unguwar da zai kama haya a Kano

Duk shekara, da zarar manyan makarantu sun fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, sai wata sabuwar ɗawainiya ta faɗo wa iyaye, wato neman inda yaro zai kwana. Ɗakunan kwanan da ke cikin makarantun Kano ba sa ɗaukar kowa, wasu makarantun ma ba su da su sam. Ɗalibin da ya fito daga Rano ko Haɗeja ko Malumfashi, idan ba shi da ɗan uwan da zai raɓa da shi a gari, ba shi da mafita sai haya.

Tambayar da aka fi farawa da ita ita ce, nawa ne kuɗin ɗakin? Amma abin da ake miƙa wa mai gida a farkon shekara wani yanki ne kawai na abin da zaman ɗalibi zai ci. Ragowar ana biyansa ne kaɗan-kaɗan, a hannun mai adaidaita sahu da ɗan garuwa da mai cajin waya, ta yadda ba a jin zafinsa sai an zauna an yi lissafi. Unguwar da aka zaɓa ce ke yanke yawan wannan ragowar. Shi ya sa ya kamata a tsayar da unguwa tun kafin a fara zagayen duba ɗakuna.

Makarantun sun yi ta ƙaura yamma

Wanda ke son fahimtar yadda makarantun Kano suka bazu, ya tsaya a Ƙofar Nassarawa. Ƙofar tana kudu maso gabashin ganuwa, ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ta nan Sarki kan fita ranar Hawan Nassarawa. A yau gadar sama ce ta rufe kanta, manyan tituna kuma suka rarrabu daga gindinta.

Ilimin jami'a a Kano a wannan yanki aka haife shi. A cikin ganuwa, a kan titin da ya nufi fada, akwai Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka fi sani da SAS. An buɗe ta a 1934 don horar da alƙalai, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1947. A cikinta aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, sannan ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Sai dai ba a nan ta tsaya ba. Ta koma harabar da ke wajen Kabuga, wadda yanzu ake kira tsohuwar BUK, daga bisani aka gina sabuwar a kan titin Gwarzo, can bayan Rijiyar Zaki. Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012, wadda aka taɓa raɗa wa sunan Yusuf Maitama Sule a 2017, ita ma sawun ta bi. A Gidan Ado Bayero, dogon benen nan na bakin Ƙofar Nassarawa, ta fara karatu, kafin sassanta su riƙa komawa mazauninta na dindindin a kan titin da ya haɗa Kabuga da Ƙofar Ruwa.

Amfanin wannan tarihi ga mai neman ɗaki shi ne ya san cewa sunan makaranta ba ya nuna inda za a riƙa ɗaukar darasi. Ɗalibai biyu za su iya riƙe takardar shiga Jami'ar Bayero iri ɗaya, amma mai karatun injiniya ko aikin gona a sabuwar haraba zai wuni, wani mai karatun kimiyya kuma a tsohuwa. Mai karatun likita, idan ya kai shekarun aikin asibiti, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai koma, a ɓangaren titin Zariya, wanda wani gefen gari ne daban. Uban da ya biya hayar shekara a Ɗanbare alhali ɗansa a tsohuwar BUK zai yi karatu, ya saya masa tafiyar da ba ta zama dole ba.

Daga ƙofar, titin BUK ya miƙe yamma yana bin jikin ganuwa. Ya tashi daga Gidan Murtala, ya wuce Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo har ya kai Kabuga. Kusan duk tsawonsa makarantu ne: Kwalejin Rumfa, sassan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, Makarantar Tsafta, Kwalejin Shari'a da Addinin Musulunci ta Aminu Kano, tsohuwar BUK, da tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya da kowa ya sani da FCE. Titin Zariya kuma ya gangara kudu ta Dangi da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa, ya kai ga makarantar Sa'adatu Rimi a yankin Kumbotso. Wanda ya san kan wane titi daga cikin biyun nan makarantarsa take, ya riga ya rage rabin aikin neman.

Lissafin adaidaita sahu

Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama ƙafar talaka. Kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma yakan canza da farashin mai. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne sau nawa ake hawa ana sauka kafin a isa, domin mai adaidaita layinsa yake bi. Unguwar da ke kan layi ɗaya da makaranta, ko da ta ɗan yi nisa, ta fi wadda ke kusa a ido amma sai an sauka a wata kwana an sake hawa.

A ɗauki misali kawai, domin farashin yau ba shi ne na gobe ba. Idan hawa ɗaya Naira 300 ne, ɗalibin da ke hawa biyu a zuwa, biyu a dawowa, zai kashe Naira 1,200 a rana. A zangon karatu biyu na mako goma sha biyar-biyar, kwana biyar a mako, an samu kwana 150, wato Naira 180,000. Mai hawa ɗaya zai kashe rabin haka, mai takawa da ƙafa kuma ba zai kashe ko kwabo ba. Ke nan ɗakin da ya fi araha da Naira 80,000 a shekara, amma yake buƙatar hawa biyu, ya fi na bakin makaranta tsada da Naira 100,000. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Wannan Naira 1,200 ɗin, a kwana ashirin na karatu a wata, ta kama Naira 24,000. Kuɗin kashewa da asusun bai wa ɗalibai rance na tarayya, NELFUND, ke bayarwa Naira 20,000 ne a wata, ba zai ma rufe kuɗin motar ba. Ga ma'aikacin da ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na Jihar Kano, Naira 71,000, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na albashinsa zai tafi a kan taya uku.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta da alƙalami. Lakcar ƙarfe takwas na safe ba ta jiran cunkoson Kabuga ko na Tal'udu. Ɗalibin da ya san zai kashe kuɗi da awa guda kafin ya isa, yakan fara zaɓen ranakun da zai je, ya bar darasin da yake ganin bai taka kara ya karya ba. Daga nan ake fara faɗuwa jarrabawa, iyaye kuma su ɗauka wasa ya yi yawa.

Zama a cikin ganuwa

Ga ɗalibin SAS ko na makarantun da ke farkon titin BUK, unguwannin cikin birni da ke bayan Ƙofar Nassarawa, irin su Yakasai da Kankarofi da Unguwar Gini da Zango, suna da abin sha'awa. Ana iya takawa zuwa makaranta. Abinci na da sauƙi, domin a kowane lungu akwai gidan da ake sayar da tuwo ko ɗanwake ko waina, a farashin 'yan unguwa. Asibitin Murtala na nan a Ƙofar Mata. Ga malamai na zaure da ke karantarwa bayan Asuba da bayan Magariba, abin da ɗalibin Larabci ko na shari'a ba zai same shi da kuɗi a wani wuri ba.

Amma cikin birni ba a gina shi don haya ba. Yawancin gidajen na gado ne, zuriya ɗaya ke zaune a ciki kaka da kakanni, kuma tsarinsu na zaure da tsakar gida da sassan mata bai bar wa baƙon namiji wuri ba. Abin da gwauro kan samu shi ne shago, wato ɗakin da ƙofarsa ke kallon waje ko take cikin soro, inda samarin gidan kan kwana. Sau da yawa ba shi da banɗaki nasa, sai dai a yi amfani da na soro ko na masallaci ko gidan wanka na kuɗi. Irin wannan ɗaki kuma da wuya a same shi ta hannun dillali. Ta hannun sani ake samunsa, wani ya tsaya wa wani, a kai yaro gaban mai unguwa a gabatar da shi. A nan fatake da 'yan kasuwa suka fi ma'aikata sa'a. Mai sayen kaya a Kantin Kwari ko Kurmi shekara da shekaru ba zai rasa ubangida ko abokin ciniki da zai ce a kawo yaron ya zauna da nasa ba.

Wanda ya shiga cikin birni, jama'a ya shiga. Za a san lokacin fitarsa da na dawowarsa, za a lura idan ba a ganinsa a masallaci, za a tambayi su wane ne baƙin da ke zuwa wurinsa. Ga yaro ɗan shekara goma sha bakwai da bai taɓa barin gida ba, wannan ido garkuwa ce, kuma ta fi duk wata katanga mai waya. Ga babban mutum, ma'aikacin da ya dawo ƙarin karatu, wanda ke son ya kulle ƙofa ya yi nazari har tsakar dare, abin na iya zama takura. Hayaniyar bukukuwa da ta yara ma ba ta yankewa a lungunan birni.

A ɗaya ƙarshen akwai Ɗanbare da Rimin Gata, daura da sabuwar BUK, inda masu filaye suka gina gidaje musamman don ɗalibai, ɗaki da banɗaki da ɗan wurin girki. A nan ba a tambayar asali, ana tambayar kuɗi ne, kuma kuɗin na hawa duk lokacin da aka ɗauki sababbin ɗalibai. Akwai abokan karatu a kowace ƙofa, akwai shagunan buga takardu. Sai dai maƙwabcin ɗalibi shi ma ɗalibi ne, babu babba a kai, kuma lokacin hutu unguwar kan yi shiru, ɗakuna a kulle da kaya a ciki. Tsakanin waɗannan biyun akwai Janbulo da Kabuga da Ɗorayi da Gadon Ƙaya ga masu tsohuwar BUK da FCE, sai Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Tarauni ga masu zuwa Asibitin Malam. Su unguwanni ne na iyalai da aka saba da 'yan haya.

Ruwa da wuta da damina

Kano na shan ruwa daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari, amma kowa ya san famfon gidaje da yawa ya daɗe bai ɗiga ba. Ganin kan famfo a bango ba hujja ba ce. A tambayi maƙwabta yaushe rabon da ruwa ya zo, a tambayi ɗan garuwa nawa yake sayar da jarka mai lita 25, a kuma tambaye shi nawa takan kai a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, zafi ke haura digiri 40. Gidan da ke da burtsatse ya fi, amma burtsatse da wuta yake aiki. Idan babu sola, sai a ji wa ke sayen man janareta, kuma yaya ake raba kuɗin.

Batun wuta ya ƙara rikitarwa tun Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga farashin rukunin A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa Naira 225 a kan kowane ma'aunin wuta. Unguwa mai yawan wuta yanzu tana iya zama mai yawan biya. Wanda ke da fanka da kwamfuta da waya kawai ba zai ji jiki ba idan mitarsa mai kati ce shi kaɗai. Rigimar tana tasowa ne inda ɗakuna goma ke kan mita ɗaya, ana raba kuɗi daidai tsakanin mai ƙwan fitila ɗaya da mai firji da risho na lantarki. Inda babu mita kuma, kamfanin KEDCO ke kawo takardar ƙiyasi, ya kamata a ga takardar ƙarshe da ido, don kada sabon ɗan haya ya gaji bashin wanda ya tashi.

Yawancin masu neman ɗaki da rani suke zuwa, ƙasa a bushe, kowane lungu tsaf. Agusta ne ke tona asirin unguwa. Tsofaffin kududdufan birni, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne ke shanye ruwan sama a da. An cike da yawa an yi gini a kai, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura: layin danshi a gindin bango, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa, buhunan yashi a gefen kwata. Ginin ƙasa ya fi na bulo sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu, amma a ɗaga kai a dubi azara da rufi, a tambayi yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe.

Bayan Isha'i

Unguwa fuska biyu gare ta, ta rana da ta dare, kuma dillali ta rana kawai yake nunawa. Ƙwacen waya da faɗan daba sun addabi sassa da dama na birnin, sai dai ba daidai ba ne a yi wa unguwa guda kuɗin goro. A unguwa ɗaya ana samun layin da ke da fitila da 'yan sintiri da dattawa a kan dakali, a bayansa kuma lungun da 'yan unguwar da kansu ba sa bi da dare. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin inda adaidaita ke saukewa da ƙofar gidan. A bi ta da ƙafa bayan sallar Isha'i tare da wani ɗan gari. Mai shayi da mai kanti na bakin layi sun fi kowa sanin gaskiyar wurin, kuma ba su da la'adar da za su kare.

A watan Yulin 2022 gwamnatin jihar ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ko ana tsaurara dokar ko an sassauta, abin hawa na yin wuya da tsada idan dare ya yi. Ɗalibin da ya saba karatun dare a makaranta, ko mai kwanan asibiti, ya sa wannan a lissafi.

Ga 'ya mace, zaɓin ya fi ƙunci. Masu gidaje da yawa a unguwannin iyalai ba sa bai wa budurwa ɗaki ita kaɗai, inda aka ba ta kuma tana iya shan tsegumi. Mafi kwanciyar hankali shi ne gurbi a cikin makaranta, in ba a samu ba sai gidan 'yan uwa, ko gidan ɗalibai mata zalla mai maigadi da lokacin rufe ƙofa. Ya kyautu uba ko wa ya je da kansa ya gana da mai gidan, domin yarinyar da aka san tana da mai tsaya mata ba a cika taka ta ba. Ɗaliban da suka zo daga Kudu ko waɗanda ba Musulmi ba sukan fi sakewa a Sabon Gari ko Badawa, inda coci da abincin gida ke kusa, amma daga can zuwa titin Gwarzo sai an ratsa gari gaba ɗaya. Da yawansu kan gwammace unguwannin ɗalibai na bakin jami'a, su riƙa shiga Sabon Gari ranar Lahadi.

Kafin a miƙa kuɗi

Hayar Kano ta shekara ce, a dunƙule ake biya, ga la'adar dillali a kai, wadda sau da yawa kan kai kashi 10 cikin 100. Kada a bayar da kafin alƙalami a kan ɗakin da ba a shiga an gani ba, kuma kada a biya kowa sai an ga mai gidan ko wakilin da maƙwabta suka shaida. A gidan gado wannan ya fi muhimmanci, domin ɗaya daga cikin magada na iya karɓar kuɗi ba da sanin sauran ba, ranar da aka tashi rabo kuma ɗan haya ne farkon wanda za a ce ya kwashe kayansa. A karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da shaidu biyu, a faɗi ranar shiga da ranar fita, da wanda gyaran rufi da yashe masai ke kansa, da adadin mutanen da aka yarda su zauna. Ɗalibai kan haɗa kuɗi su uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya, mai gida kuma ya ce da mutum ɗaya ya yi magana. A ƙa'idar da aka fi bi a dokokin haya na jihohin Najeriya, ɗan hayar shekara na da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi wani abu daban.

Shekarar haya kuma ba ta tafiya da shekarar karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya fara ne ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna na kulle, ɗalibai na gida, haya na ci. Da aka koma, da yawa sun tarar wa'adinsu ya cika ko ya kusa, alhali ko zango ɗaya ba a kammala ba. Mai gida ba shi da laifi a shari'a, tunda ɗakinsa na hannun ɗan haya. Amma ana iya tattauna batun tun ranar farko, a nemi a rubuta cewa idan aka rufe makaranta fiye da wata uku za a yi rangwame, ko a yarda ɗalibi ya sa wani a madadinsa da sanin mai gida. Wasu masu gidajen za su ƙi. A unguwannin da ɗakuna suka fi masu nema yawa, musamman waɗanda ke ɗan nesa da bakin titi, akan samu masu amincewa, ballantana idan uba ne ya zauna da su ya yi maganar.